Wakilin Suna "Mu" a Gabatarwar Tsarin Mulkin Nijeriya

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin wani ɗan gajeren rubutu wanda bai cika rabin shafi ba, watau gabatarwar da aka buɗe tsarin mulkin Nijeriya na 1979 da ita, aka kuma maimaita ta kusan kalma da kalma a na 1999. Masana shari'a sun daɗe suna ja-in-ja a kanta, amma abin da ya dame su shi ne nauyinta a gaban alƙali. A nan kuwa za a dube ta ne yadda mai nazarin adabi yake duban waƙa ko wasiƙa: wane ne mai magana, da wane harshe yake yi, kuma abin da ya faɗa game da kansa ya yi daidai da yadda maganar ta samu ko kuwa? Kada mai karatu ya ɗauka an shiga sharo ba shanu. Batun sa hannun jama'a a cikin rubuta tsarin mulki batu ne na harshe tun kafin ya zama na siyasa, domin mutum ba ya ba da shawara sai a kan abin da aka faɗa masa ya ji.

Gabatarwar jimla ɗaya ce doguwa, da Turanci. Ta fara da wakilin suna na mutum na farko, jam'i, wanda a Hausa shi ne "mu", sai aka bi shi da bayanin cewa masu maganar su ne mutanen Jamhuriyar Tarayyar Nijeriya. Daga nan sai ƙudure-ƙudure: zama tare a ƙasa ɗaya da ba ta rabuwa a ƙarƙashin ikon Allah, zumunci da sauran ƙasashen Afirka, kyakkyawan mulki da jin daɗin kowa bisa 'yanci da daidaito da adalci. A ƙarshe sai aikatau uku a jere, waɗanda ma'anarsu ita ce masu maganar sun yi wannan tsari, sun zartar da shi ya zama doka, sun kuma ba kansu shi. Ba a ambaci kwamiti ba, ba a ambaci majalisa ba, ba a ambaci soja ba. Mai bayarwa shi ne mai karɓa.

Salon nan na aro ne. Buɗewa da "mu" ta samo asali daga tsarin mulkin Amurka na 1787, jera aikatau uku da rufewa da ba wa kai kuwa ana samunsa a na ƙasar Ailan na 1937, daga can ya shiga na Indiya na 1949. Aro ba laifi ba ne a adabi. Marubuta waƙoƙinmu sun ari ma'aunan Larabawa, ba wanda ya ce waƙoƙin sun tashi daga na Hausa. Abin lura shi ne waɗanda aka aro salon daga gare su suna da abin da za su nuna in an tambaye su hujja. Mutanen Ailan sun jefa ƙuri'ar raba gardama a kan nasu ran 1 ga Yuli 1937. Majalisar da ta rubuta na Indiya, ko da yake ba jama'a ne suka zaɓe ta kai tsaye ba, ta yi kusan shekara uku tana zama, babu wata hukuma a samanta da ta taɓa abin da ta zartar, kuma wakilanta sun sa hannu a kan kwafi biyu a watan Janairu 1950, ɗaya da Turanci, ɗaya da harshen Hindi. Nijeriya ba ta taɓa kai wani tsarin mulki nata gaban jama'a don ƙuri'ar raba gardama ba, ko sau ɗaya.

To, wace "mu" ce ke magana a gabatarwar tamu? Tambayar ta fi fitowa fili in an yi ta da Hausa, domin Bahaushe yana da "mu" iri-iri ko da yake siffarta ɗaya ce. Akwai ta tarayya, wadda mai gona zai ce wa 'yan gayya "mu tashi mu gama kafin azahar", shi da su duk suna ciki. Akwai ta warewa, kamar "mu dai ba mu yarda ba", inda wanda ake faɗa wa yake waje. Akwai ta sarauta: in sarki ya ce "mun naɗa ka", kowa a fada ya san mutum ɗaya ne ya yi naɗin, ba kuwa wanda aka yaudara. Har akwai ta lallashi, wadda uwa takan ce wa yaro "zo mu sha magani", alhali shi kaɗai zai ji ɗacin.

Wadda ta fi dacewa da batunmu ita ce "mu" ta wakilci, kuma inda aka fi jin ta shi ne wurin ɗaurin aure. Waliyyin amarya ya ce "mun bayar", wakilin ango ya ce "mun karɓa". Wannan magana ba labarin wani abu ba ne da ya auku a baya. Ita kanta ce aikin: kafin a furta ta babu aure, bayan an furta ta akwai. Malaman fiƙihu suna kiran ta siga. Gabatarwar tsarin mulki siga ce irin wannan, shi ya sa aikatau ɗinta uku suke da nauyi. Amma ingancin siga ba a cikin kalmominta yake ba. Yana rataye ne a kan abubuwan da ke wajenta, watau ko an wakilta mai furtawar da gaske, da ko akwai shaidu da suka ji suka kuma fahimci abin da aka ce. Dalilin da ya sa ke nan liman yakan fara da tambayar wa ke wakiltar wa, da ƙarfi, kowa na ji. Da wani mai wucewa zai kutsa cikin taron ya ce "mun karɓa", ba mai ce masa ya karya nahawu, sai dai aure bai ɗauru ba. Da wannan ma'auni za a bi tarihin kalmar.

Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 an yi shi ne ba tare da tuntuɓar mutanen ƙasa ba, wannan kuwa shi ne babban kukan da jam'iyyar NCNC ta zaga ƙasa da shi a shekarar, ta kuma kai shi Landan a 1947. Magajinsa, Macpherson, sai ya bi wata hanya. A 1949 aka tsara tambayoyi aka saukar da su ƙasa, aka tattauna su a matakin ƙauye da gunduma da lardi da yanki, kafin babban taron Ibadan na watan Janairu 1950, inda wakilan Arewa suka dage a kan rabin kujerun majalisar tsakiya, har Sarkin Zazzau da na Katsina suka ce in ba haka ba gara a raba. Abin mamaki ne, kuma abin kunya, cewa tuntuɓar da ta fara sauka har ƙauye a tarihin ƙasar nan Bature ne ya yi ta. Amma kada a zuzuta ta. A Arewa ta hannun En'e aka yi, kuma wanda ya san yadda talaka ke zama a gaban hakimi a wancan zamani zai iya kintatar irin amsar da ake samu in an tambaye shi ko yana son tarayya ko dunƙulalliyar gwamnati. "Ranka ya daɗe, yadda ka gani" ita ma amsa ce, ana iya rubuta ta a rahoto.

Muhawara ta haƙiƙa da Hausa a wancan lokaci a waƙa aka yi ta. Sa'adu Zungur ya ɗauki tambayar tsarin mulki kanta ya mai da ita sunan waƙarsa, "Arewa, Jumhuriya ko Mulukiya", ya aro kalmomi biyu na Larabci waɗanda duk almajirin da ya yi nisa zai gane, ya kuma yi wa sarakuna gargaɗi da abin da ya sami takwarorinsu na Indiya bayan 1947. Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da "Arewa Jumhuriya Kawai". Ga mutum biyu sun saɓa a kan makomar ƙasa, da harshen da mai tallar goro zai ji, a cikin sigar da ake haddacewa a rera wa wanda bai iya karatu ba. In ana neman misalin sa hannun jama'a, wannan ya fi taron gunduma cancanta. Sai dai waƙa ba ta cikin irin takardun da kwamiti ke karɓa ya ba su lamba.

Tsarin mulkin 'yancin kai na 1960 bai ce "mu" ba. Umarni ne daga majalisar Sarauniyar Ingila, bai kuma ɓoye hakan ba. A na 1963, wanda ya mai da ƙasar jamhuriya, kalmar ta fara bayyana, amma tare da wani ɗan yankin jimla mai muhimmanci, wanda ya bayyana cewa mutanen suna magana ne ta bakin wakilansu da suka hallara a majalisa. Ana iya tuhumar wakilcin, tun da matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 da ya kawo wannan majalisa ba. Duk da haka rubutun ya ambaci wakilinsa, mai tuhuma ya san ƙofar da zai buga. Wannan yankin jimla shi ne aka zubar a 1979. Daga nan "mu" ta tsaya ita kaɗai, kamar dukkan mutanen ƙasar ne suka buɗe baki lokaci guda.

Ga yadda aka kai ga wannan "mu". Ran 18 ga Oktoba 1975 Shugaban Ƙasa Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta daftari. Mutum 50 aka ambata, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi karɓa, saura 49 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Gwamnati ce ta zaɓo su, babu kuma mace ko ɗaya a cikinsu. A jawabin ƙaddamarwar, Murtala ya gaya musu abin da Majalisar Ƙoli ta Soja take ganin ya dace, har da shugaban ƙasa mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Watau tambaya mafi girma, ta barin tsarin firayim minista da aka gada daga Ingila, an nuna amsarta tun kafin a yi ta. Kwamitin ya miƙa rahotonsa ga Janar Olusegun Obasanjo a watan Satumba 1976, a watan Oktoba aka sake shi ga jama'a, aka ba da kimanin shekara guda a yi ta tattaunawa.

Adalci ne a faɗa cewa muhawarar da ta biyo baya ba wasa ba ce. An yi ta da zafi a jaridu da jami'o'i da tarukan ƙungiyoyi, har kamfanin Daily Times ya tattara wani kaso nata ya buga littafi a 1977. Wanda ya karanta abin da aka rubuta a lokacin zai ga mutane masu kishin ƙasa da zurfin tunani. Zai kuma ga cewa lauyoyi ne da malaman jami'a da 'yan jarida da manyan ma'aikata, suna amsa wa juna da Turanci. Rediyon Kaduna da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo sun kai labarin ga masu jin Hausa, wannan gaskiya ne. Amma jin labarin muhawara daban, zama a cikinta daban. Hanyar da ke kai magana daga sama zuwa ƙasa a buɗe take, Bahaushe ma yana da sunanta tun tale-tale, shela ko yekuwa, aikin sanƙira. Wadda za ta maido da amsa daga ƙasa zuwa teburin masu rubutu ita ce ƙuntatacciya, kuma mai tsaron bakinta yana tambaya da Turanci. An ce shawara ɗaukar ɗaki, to amma wanda aka yi wa shela ba a ba shi gefen jinka ya kama ba, an dai gaya masa inda za a ɗora ta.

Majalisar da ta duba daftarin ta fara zama a watan Oktoba 1977 a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, da wakilai 230. Mafi yawansu kansilolin ƙananan hukumomi ne suka zaɓe su, sauran gwamnati ta naɗa. Su kansilolin kuwa a wasu jihohi ba kai tsaye aka zaɓe su ba a zaɓen ƙarshen 1976. Ke nan a wurare da dama wakilin wakilin wakili ne ya tafi Ikko.

A nan ne za a ga abin da wannan maƙala take son tabbatarwa. Daga cikin dukkan abubuwan da ke daftarin, wanda ya sauka kasuwa da masallaci da majalisar bakin titi a ƙasar Hausa shi ne batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, wanda ya kai ga ficewar wakilai fiye da 80 daga zauren a watan Afrilu 1978. Me ya sa shi? Addini dalili ne, ba shakka. Amma akwai dalili na harshe: "shari'a" kalma ce da ba ta bukatar tafinta. Tsoho da yaro sun san alƙali, sun san ɗaukaka ƙara, saboda haka suna da ra'ayi, sun kuma faɗe shi. A kwatanta wannan da babi na biyu, wanda ya jera manufofin ƙasa game da ilmi da lafiya da abinci da matsuguni, sa'an nan wani ƙaramin sashe a can baya, a cikin sashe na 6, ya ce ba kotun da za ta saurari ƙarar wanda aka hana wa waɗannan abubuwa. Babu abin da ya fi wannan shafar talaka, amma dabarar lauyoyin da aka ɗaure shi da ita ba ta da suna a Hausa, sai an yi dogon bayani. Abin da ba shi da suna kuwa ba ya zama zancen majalisa. Mutum biyu daga cikin kwamitin, Yusufu Bala Usman da Segun Osoba, sun ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daftarin dabam. Gwamnati ba ta ajiye shi gaban jama'a tare da ɗayan ba, sai a 2019 aka buga shi littafi. Saboda haka ko masu jin Turancin ma zaɓi ɗaya aka ba su su yi muhawara a kai.

Bayan majalisar ta gama, Majalisar Ƙoli ta Soja ta yi gyare-gyare 17 kafin ta zartar da tsarin a watan Satumba 1978. A cikinsu ta cusa dokar mallakar ƙasa ta watan Maris 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta yadda ba a iya taɓa dokar sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Gona da fili da makiyaya, su ne abubuwan da manomi zai yi kwana yana magana a kai da an tambaye shi, sai ga shi sun shiga ta bayan gida. Idan aka tuna da aikatau uku na gabatarwar, na farko kwamiti ne ya yi, na biyu soja. Na ukun kaɗai ya rage wa jama'a, shi ma rabinsa, watau karɓa.

Na 1999 ba ya bukatar dogon bayani. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi a watan Nuwamba 1998, ya zaga ya saurari ra'ayoyi, ya miƙa rahoto kafin shekarar ta ƙare. An yi zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu 1999, tsarin mulkin bai fito ba sai a watan Mayu, a matsayin rataye ga dokar soja mai lamba 24. An zaɓi mutane a kan muƙamai kafin a ga takardar da ta fayyace muƙaman. Rotimi Williams da kansa ya ce wannan takarda ta yi ƙarya game da kanta. Ya yi gaskiya, ko da yake mai nazari zai ƙara da cewa jimlar da ya tuhuma ita ce dai ta tsarin da kwamitinsa ya fara rubutawa, bambancin na yawan ƙaryar ne. Daga baya an yi wasu yunƙure-yunƙure. Ran 10 ga Nuwamba 2012 Majalisar Wakilai ta kira taron jama'a a mazaɓu 360, aka gabatar da tambayoyi 43 na i ko a'a, abin da ya yi kama ƙwarai da na 1949, har da kasancewar tambayoyin daga sama suka zo. Gyaran da ya fito daga nan Shugaba Goodluck Jonathan bai sa masa hannu ba a 2015. Taron ƙasa na 2014 mai wakilai 492 kuwa naɗaɗɗu ne, rahotonsa bai zama doka ba.

Yanzu a juyo ga mai fassara, domin shi ne wanda matsalar ke faɗa wa a ka. Duk malamin da ya taɓa ba ɗalibai wannan gabatarwa su mayar da ita Hausa ya san a kalma ta biyu ake tsayawa. Mu su wa? In an ce "jama'a", kalmar tana da ƙanshin mabiya, jama'ar wane, kamar yadda ake cewa jama'ar Shehu, sai kunne ya jira a ambaci mai jama'ar. "Al'umma" ta karkata wajen addini. "Talakawa" ita ce ta fi gaskiya ta fuskar yawa, amma ma'anarta waɗanda ake mulka, ta ware masu sarauta, kuma tun daga 1950 ta zama kalmar NEPU. "Mutane" ba ta da laifi, ba ta kuma da nauyi. Saura "'yan ƙasa", wadda aka fi amfani da ita, amma a bakin Bahaushe kishiyarta ita ce "baƙi", baƙon kuwa yana iya zama mutumin lardin da ke maƙwabtaka. Wannan harshen damo ba laifin Hausa ba ne. Tsarin mulkin da kansa yana ɗauke da shi, domin bayan ya ce kowa ɗan ƙasa ɗaya ne, sai ya shar'anta a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalin jihar. Turancin ya rufe ɓarakar da kalmomi biyu mabambanta, Hausa ta tona ta da kalma ɗaya.

Sunan takardar ma abin dubawa ne. "Tsarin mulki" fassara ce mai kyau, ta zauna a baki, amma fuskarta tana duban mai mulki: yadda aka jera iko. Babu alkawari a cikinta, babu yarjejeniya, babu amana, alhali gabatarwar da'awar alkawari take yi tsakanin mutane. Da aka zo aka ƙara "kundi" a gaba, aka ce kundin tsarin mulki, sai aka faɗi wata gaskiya ba da niyya ba. Kundi a asalinsa tarin takardun malami ne inda yake adana laƙani da asirai, ba ya shimfiɗa shi a gaban kowa, mai bukata sai ya zo a duba masa.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin maganar yau da kullum. A saurari yadda masu jin Hausa suke zancen wannan takarda a rediyo ko a tasha: "an rubuta a tsarin mulki", "an ce za a gyara", "an hana". Wannan "an" ita ce ta sakaya, wadda ake amfani da ita in ba a san mai aikin ba, ko an san shi ba a son ambatonsa, ko kuwa ya fi ƙarfin a ambace shi. Da ita ake cewa an yi ruwa, an ƙara kuɗin mai, an kama wane. Da wuya a ji wanda ya ce "mun rubuta", in kuwa an ji, to ɗan majalisa ne, kuma "mu" ɗinsa ta warewa ce. Takarda ta ce "mu", masu ita sun ce "an". Mai fassarar da ya rubuta "mu" ya bi Turancin, amma ya san ba haka masu karatunsa za su maimaita ba.

Kada a ɗauka ƙuri'ar raba gardama kaɗai za ta warware wannan. Jamhuriyar Nijar, inda Hausa ta fi kowane harshe yawan masu ji, ta kai tsarin mulki gaban jama'a a 1989 da 1992 da 1996 da 1999 da 2009 da 2010, kowanne kuwa da Faransanci aka rubuta shi. Na 2009 jama'a ba su kira shi da lambar jamhuriya ba, sun kira shi da sunan da suka gane, tazarce, da wannan suna kuma aka yi faɗan. Na 2010 ya ɗora wa hukuma nauyin fassara shi da yaɗa shi cikin harsunan ƙasa, wanda ci gaba ne, ko da yake fassara bayan zartarwa shela ce. An dakatar da shi bayan juyin mulkin watan Yuli 2023, kuma takardar da ta maye gurbinsa a watan Maris 2025, wadda ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ita ma da Faransanci ta fito, ba a kuma kai ta ƙuri'a ba. Afirka ta Kudu ce ta gwada kama abin daga tushe tsakanin 1994 da 1996: an nemi shawara tun ana cikin rubutu, an karɓi saƙonni kusan miliyan biyu, mafi yawansu sa hannu ne a kan koke, an yi ƙoƙarin sauƙaƙa lafazin dokar, an kuma fitar da ita cikin harsuna 11. Ko can ɗin manyan jam'iyyu ne suka yanke manyan batutuwa a tsakaninsu.

Saura wani sashe guda na tsarin mulkinmu da ya ambaci Hausa da sunanta, na 51 a 1979, na 55 a 1999. Ya ce za a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace. Tarihinsa abin tsayawa ne a kai. Majalisar Udo Udoma, wadda ita ce mafi kusa da a kira ta wakiliyar jama'a, Turanci kaɗai ta bari. Sojoji ne suka shigar da harsunan uku a cikin gyare-gyaren nan nasu 17, bisa hujjar cewa bai dace ƙasa mai 'yanci ta dawwamar da harshen waje shi kaɗai ba. Ba sabon abu ba ne ga Hausa, tun da Majalisar Dokokin Jihar Arewa da Turanci da Hausa take aiki kafin 1966. Masana harsuna sun ɗauki sharaɗin da gaske, aka zauna aka tattara kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu, aka buga ƙamus ɗinsu a 1991. Wasu majalisun jihohi sun yi amfani da damar da aka ba su, ta jihar Legas ma ta keɓe ranar Alhamis don Yarbanci. Majalisar Tarayya kuwa, wadda ita ce sashe na 9 ya ba ikon fara gyaran tsarin mulki kafin kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi su amince, da Turanci take zama har yanzu. Sharaɗin da aka gindaya mata bai faɗi wanda zai yi tanadin ba, bai kuma sa rana ba, shi ya sa mai fassara ba shi da abin da zai rubuta a wurin sai "in an yi".